Kifayen adona sun mutu a sabon akwati: yaya ake ciyar da su, kuma ta ina ake fara akwati mai tsirrai?

"Assalamu alaikum Malam. Na saya wa yarana ƙaramin akwatin kifi na gilashi a nan Kano, tare da kifaye shida masu ruwan zinare. Mai sayarwa ya ce in cika shi da ruwa in zuba su kawai. Muna ba su abinci safe da rana da dare, yaran ma in sun dawo daga makaranta sai sun ƙara musu. Kafin mako biyu ruwan ya yi fari-fari yana wari, kifayen suka riƙa tasowa sama suna buɗe baki, huɗu suka mutu. Yanzu ina so in sake sabon lale, kuma ina sha'awar irin akwatin nan da ake shuka tsirrai masu rai a ciki. Don Allah me ya kashe su, yaya ya kamata a riƙa ba su abinci, kuma ta ina zan fara?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa, kuma ka kwantar wa yaran hankali, domin abin da ya same ku shi ne ya fi samun duk wanda ya fara kiwon kifin ado. Tambayarka kashi uku ce: abin da ya kashe kifayen, yadda ake ciyar da su, da yadda ake haɗa akwati mai tsirrai. Amma duka ukun a wuri ɗaya suke haɗuwa, wato lafiyar ruwan. In ruwa ya gyaru, kifi ba ya ba da wahala, tsiro ma haka.

Kafin komai, a ceci biyun da suka rage. Ka dakatar da abinci na kwana biyu ko uku, ba abin da zai same su. Kullum ka kwashe rabin ruwan ka mayar da sabo wanda ya kwana a bokiti. In kana da babbar robar ruwa mai faɗin baki wadda sabulu bai taɓa shiga ba, ka mayar da su ciki, ta fi musu ƙaramin gilashin nan sau goma. In da famfon iska, wato 'yar na'urar da ke hura iska cikin ruwa, ka kunna musu.

Abin da ya faru a cikin ruwan

Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya, mafi yawansa ta wurin shaƙar iskarsa da ke gefen kai, saura kuma ta kashi. Abincin da ya nutse ba a ci ba, da ganyen da ya ruɓe, su ma amoniya suke komawa. A kogi ko tafki, yawan ruwa ne ke tafiya da shi. A cikin akwati mai lita 15 ko 20 babu inda zai je, sai ya taru, shi kuwa guba ne mai ƙona wurin numfashin kifi. Ƙarfin gubarsa yana ƙaruwa idan ruwa ya ɗumama, ko kuma idan ruwan mai kanwa-kanwa ne, wato ma'auninsa na pH ya haura 7 sosai. Ka ga kenan zafin garinmu ba ya taimaka wa sabon akwati.

Maganin wannan guba wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke zama a jikin soson matata (abin tace ruwan akwati), da yashi, da duwatsu, da gilashin kansa. Kashi na farko suna mayar da amoniya zuwa naitirait. Shi ma naitirait guba ne, yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijin, shi ya sa za ka ga kifi a sama yana haki ko da akwai iska a ruwan. Kashi na biyu suna mayar da naitirait zuwa naitiret, wanda cutarsa kaɗan ce, tsirrai suna shan sa a matsayin taki, ragowar kuma canjin ruwa ke fitar da shi. Matsalar ita ce waɗannan ƙwayoyi ba sa saurin hayayyafa. Sabon akwati yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya ɗaukar dattin kifaye. Kai kuwa ka zuba kifi shida a ranar farko, aka bi su da abinci sau uku ko huɗu a yini. Farin da ruwan ya yi wasu ƙwayoyin ne daban, masu cin ruɓaɓɓen abinci, suka yi ambaliya, su ma suna shanye iskar da kifayen ke buƙata.

Akwai kuma batun irin kifin. Kifin zinare, wanda masu shago ke kira golfish, asalinsa daga ƙasar Sin ne, kuma ba ƙaramin kifi ba ne kamar yadda ake ganinsa a leda. Yana iya kai santimita 15 zuwa 20, wani ya wuce haka, yana rayuwa fiye da shekara goma in ya samu kulawa. Mai ci ne, mai yawan kashi ne, ya fi son ruwa mai sanyi-sanyi, sannan yana tone yashi yana cinye tsirrai masu laushi. Don haka biyun nan su ci gaba da zama a nasu mazaunin mai faɗi, kada ka saka su a akwatin tsirran da za ka haɗa.

Batun abinci

A nan zan daɗe, domin a cikin shekarun da na yi ina wannan harka, kifayen da na ga ƙoshi ya kashe sun ninka waɗanda yunwa ta taɓa nesa ba kusa ba. Kifi ba ya ƙona abinci don ɗumama jikinsa kamar kaza ko akuya, zafin jikinsa na ruwan da yake ciki ne, saboda haka abin da yake buƙata kaɗan ne ƙwarai. Kuma kullum zai nuna maka yana jin yunwa. Da ya ga inuwar mutum zai taso gaban gilashi yana kaɗa jela, domin a daji bai san lokacin da zai sake samun abinci ba, halittarsa ce ya ci duk abin da ya samu. Wannan rawar ita ke yaudarar yara, har da manya.

Ƙa'idar da nake bi ita ce sau ɗaya ko sau biyu a rana, gwargwadon abin da za su cinye tas cikin minti biyu. Ka ɗan tsinci abincin da yatsu biyu ka yaryaɗa, ka tsaya ka kalla. In ka ga yana sauka ƙasa ba wanda ya bi shi, ya yi yawa, gobe ka rage. Cikin kifin da ya ƙoshi daidai yakan ɗan taso kaɗan, ba ya kumbura. In ka ga doguwar igiyar kashi tana bin kifi a baya, ko datti yana taruwa a lungun duwatsu, ko wani maiƙo-maiƙo a saman ruwa, duk alamun abinci ya wuce kima ne. Rana ɗaya a mako ka bar su haka nan ba abinci, su tsinci abin da ke jikin ganye, hanjinsu ya huta. Da safe kuma ka bari fitila ta yi kamar rabin awa a kunne kafin ka ba su, su gama wartsakewa.

Su kuwa yara, kada ka hana su, domin ciyarwar nan ita ce rabin daɗin da suke ji. Abin da nake ba iyaye shawara shi ne a ɓoye gwangwanin abincin, a riƙa auna na yini ɗaya a murfin kwalba kowace safiya, a yi musu juyi, yau wannan gobe wancan. In murfin ya ƙare, abinci ya ƙare sai gobe.

Abincin gwangwani iri biyu ne aka fi samu: mai falle-falle da ke yawo a saman ruwa, da mai ƙwaya-ƙwaya, wani yana iyo wani yana nutsewa. Ga ƙananan kifaye, mai falle-falle ko ƙwaya 'yar mitsitsiya ya wadatar, muddin ya shiga bakinsu. Ka duba bayan gwangwanin, in garin kifi ko na jatan lande ne a farkon jerin kayan haɗin, ya fi wanda garin alkama ya yi wa yawa. Ka sayi ƙarami, domin da zarar an buɗe, sinadaran bitamin da ke ciki suna raguwa cikin 'yan watanni, zafi da danshi kuma suna gaggauta hakan. A rufe shi ruf a ajiye a wuri mai sanyi, kada a bar shi a kan murfin akwati inda fitila ke gasa shi, kada kuma a sa jiƙaƙƙen hannu a ciki. Wanda ya yi fumfuna ko ya canja wari, a zubar.

Mutane da yawa suna tambayata ko za a iya amfani da abincin tarwada da ake sayarwa da mudu, tunda ya fi araha. Za a iya daka ɗan kaɗan a bayar in babu wani, amma an haɗa shi ne don kifi ya yi saurin ƙiba a kai shi kasuwa, maiƙonsa da yawa, yana saurin ɓata ruwan ƙaramin akwati. Burodi, biskit, tuwo, shinkafa da duk wani abu mai mai ko gishiri ko yaji, a nisanta su da akwatin kwata-kwata.

Abin da ke fito da launin kifi ya kuma sa shi hayayyafa shi ne ɗan canji sau ɗaya ko biyu a mako. Tana da aka wanke aka yayyanka ƙanana abinci ne mai kyau, haka shinge da damina, haka gara, muddin daga wurin da ba a fesa magani ba aka samo su. 'Ya'yan sauro da ke wutsil-wutsil a ruwan da ya kwanta, kifi yana son su fiye da komai, in ka gan su a randa ko tsohuwar taya ka tace ka ba su ka zubar da ruwan, amma kada ka ajiye ruwa da gangan don tara su, zazzaɓin cizon sauro ya fi ƙarfin wannan ribar. Ƙananan kifayen ado masu son ganye irin su moli da filati suna cin alayyafo ko yankan kokwamba da aka ɗan tsoma a tafasasshen ruwa ya yi laushi, a cire ragowar bayan wasu awanni. Jarirai kuma a murtsuke musu mai falle-falle ya zama gari, a ba su kaɗan-kaɗan sau uku a rana. Gwaiduwar dafaffen ƙwai tana yi musu, amma abin da kan tsinken ashana zai ɗauko ya isa, fiye da haka ruwa zai lalace kafin dare.

Akwatin da wurin ajiye shi

Saɓanin abin da ake zato, ƙaramin akwati ya fi wuyar kulawa, domin ruwa kaɗan yana saurin ɗumama, yana saurin hucewa, yana saurin gurɓata. Mai farawa ya nemi aƙalla mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30. In ka ninka ukun ka raba da 1,000 za ka samu lita 54. Kowace lita kilo ɗaya ce, in ka haɗa da yashi da duwatsu da gilashi za a doshi kilo 70, saboda haka teburin ya zama mai ƙwari kuma shimfiɗaɗɗe, a sa ɗan soso ko farin kumfan kwalin kaya a ƙarƙashi. In mai gilashi ne zai haɗa maka, ka ce masa gilashi mai kaurin milimita 5 ko 6, kuma ya liƙe da silikon zalla, ba irin na banɗaki da ake sa wa maganin fumfuna ba, domin wannan maganin yana kashe kifi. Ka cika shi da ruwa a tsakar gida ya kwana ka tabbatar ba ya yoyo kafin ka shigar da shi ɗaki. Wurin ajiyewa ya zama inda rana ba ta bugawa kai tsaye, nesa da madafi, kusa da soket.

Ruwa kuma ya danganta da abin da kake sha a gida. Ruwan famfo yakan zo da kulorin, wanda ke kashe kifi da ƙwayoyin nan masu amfani baki ɗaya. In an bar shi a buɗaɗɗen bokiti kwana ɗaya ko biyu kulorin yana tashi, amma akwai wani nau'insa mai suna kuloramin da ba ya tashi haka, shi ya sa maganin ɗiga na cire kulorin da masu kayan kifi ke sayarwa ya fi kwanciyar hankali. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, sai dai yana fitowa da ƙarancin iska, shi ma a bar shi ya kwana. In ka ga ya yi ja-ja bayan ya kwana, ƙarfe ne a ciki, ka bari ya kwanta ka tsiyaye na sama. Rijiyar da ke kusa da masai takan ɗauko naitiret mai yawa tun daga tushe. In 'yan garuwa ne ke kawo maka, ka tambayi inda suke ɗebowa, ka tsaya a wuri ɗaya, domin kifi ya fi jure ruwan da ba cikakke ba amma bai canjawa, a kan wanda yau daban gobe daban. Ka ware bokiti da tiyo na akwatin kaɗai, omo ko sabulu kada su kusance su.

A ƙasa, yashin rafi mai ɗan kauri ya isa. Ka wanke shi a bokiti kana juyawa kana zubarwa har ruwan ya fito garau, ka shimfiɗa kaurin santimita 5 zuwa 6, bayan ya ɗan fi gaban tudu. Akwai masu sa ƙasar lambu kaurin santimita 2 a ƙarƙashi su rufe da yashi, kuma tsirrai masu saiwa suna jin daɗin haka sosai. Ni dai ba na ba mai farawa wannan shawara a akwatinsa na farko, domin in ƙasar tana da kashin dabbobi ko takin zamani za ta yi ta fitar da amoniya makonni, kuma duk tsiron da ka tumɓuke sai ruwa ya dame. Ka fara da yashi zalla, daga baya ka cusa ƙwayar takin tsirran ruwa a gindin waɗanda ke buƙata. Dutse kuma ka ɗiga masa ruwan khal, in ya yi kumfa mai farar ƙasa ne, zai ƙara wa ruwa nauyi, wato yawan ma'adinan da ke narke a cikinsa, gara ka nemi wani. Itace ya zama busasshe ƙamas mai tauri, a tafasa shi ko a jiƙa shi makonni har ya nutse. In ya sa ruwa ya yi launin shayi ba illa ba ce, zai ragu da canjin ruwa. Wajen cikawa, ka ɗora faranti a kan yashin ka riƙa zuba ruwan a kansa a hankali.

Matata da na fi yarda da ita a yanayinmu ita ce ta soso mai aiki da famfon iska. Araha ce, ba ta zuƙe jarirai, tana tace ruwa tana ba shi iska lokaci guda, kuma wutar da take ci kaɗan ce, har akwai famfon da ke aiki da batirin cajin waya.

Tsirran da ba sa ba da kunya

Abin da zai ba ka sha'awa shi ne, wasu daga cikin tsirran da masu wannan sana'a a Turai da Japan ke ji da su, daga yankinmu suka fito. Anubiyas, mai ganye kore shar mai kauri, asalinsa rafukan dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru ne da maƙwabtansu. Yana jure ƙarancin haske, kifi ba ya iya cin ganyensa, sai dai yana girma a hankali. Sirrinsa ɗaya ne: yana da kakkaurar jijiya da ke kwance, irin ta citta, wadda ganye ke fitowa ta samanta saiwa ta ƙasanta. In ka binne wannan jijiya a yashi za ta ruɓe. Ɗaure ta ake yi da zare a jikin dutse ko itace, bayan wata ɗaya ko biyu saiwar ta kama da kanta. Haka ake yi wa tsiron da ake kira Java fan, na kudu maso gabashin Asiya, shi ma jarumi ne. Bado da muka sani a tafkunanmu, akwai nau'insa mai jan ganye da ake sayarwa don akwati, ana ɗora kansa a kan yashi a binne rabi. In ka bar ganyensa ya kai saman ruwa zai rufe wa na ƙasa haske, sai a riƙa datse masu tasowa.

Waɗannan duka na ado ne, amma masu aikin tsabtace ruwa su ne masu saurin girma. Balisneriya mai dogayen ganye kamar ciyawa tana son ruwa mai nauyi, a shuka ta a baya, tana yaɗuwa da kanta ta ƙarƙashin yashi. Honwot ba shi da saiwa ko kaɗan, jefa shi ake yi ya yi ta yawo, jarirai suna ɓuya a cikinsa. Sai kainuwa tamu. Ban san tsiron da ya fi ta shan dattin kifi ba, domin ganyenta a iska yake, saiwarta a ruwa, ba ta rasa abin da take buƙata. Ka bar ta ta rufe kashi ɗaya cikin uku na saman ruwan kawai, kana rage ta duk mako, kuma ba ta son raɓar murfi tana ɗiga mata a ganye. Filawar nan mai yaɗo ta cikin ɗaki da ake kira moni filant ita ma tana aiki, in aka tsoma gindinta a ruwa aka bar ganyen a waje.

In daga kududdufi za ka ɗebo kainuwa, ka yi hattara sosai. Ƙananan dodon koɗi na irin waɗannan ruwaye su ne ke ɗauke da cutar tsargiya, don haka kada ka shiga ruwan, kada ka aiki yaro, ka jawo ta da sanda. A gida ka sa safar hannu ka wanke ta, ka tsince dodon koɗi da matsattsaku da 'ya'yan mazari masu cin ƙananan kifi, ka ajiye ta a bokiti daban mako biyu kana canja ruwa kafin ta shiga akwati. A shago kuma ka lura, akan sayar da tsirran tudu a nutse cikin ruwa a ce na ruwa ne, bayan wata guda su ruɓe. Tsiron ruwa na gaske yawanci in ka fito da shi langaɓewa yake, ban da irin su Anubiyas masu tauri.

Ka shuka da yawa tun ranar farko, kada ka sa ƙwaya biyu ka ce sa yaɗu. Kuma kada ka firgita in tsoffin ganye suka narke a makonnin farko. Gonakin da ke renon su sukan rene su ne da ganye a waje, in suka shiga ruwa sai su zubar da tsoffin su fito da sababbi. Muddin gindin da tauri, ka bar shi.

Haske kuwa, farar fitilar LED mai hasken rana, wadda aka rubuta 6500K a jikinta, ta wadatar wa duk tsirran da na lissafa. Awa 6 a farko, daga baya a kai 8, kuma a lokaci ɗaya kullum. Gansakuka tana zuwa ne in haske ya yi yawa ko abinci ya yi yawa alhali tsirrai ba su kama ba. Wata gansakuka mai launin ruwan ƙasa takan lulluɓe gilashin sabon akwati, a goge ta da soso, da kanta take wucewa. Akwai masu ƙara iskar kabon daga tukunyar gas don shuka tsirrai masu wuya, wannan wani fage ne daban mai tsada da haɗari ga kifi, kuma abin da kake nema ba ya buƙatarsa.

Jira, sannan kifi

Bayan ka shuka ka kunna matata, ka bar akwatin ba kifi. Duk bayan kwana biyu ka jefa ɗan tsinken abinci ya ruɓe, shi ne abincin ƙwayoyin da kake reno. In kana da aboki mai tsohon akwati lafiyayye, ka roƙi ya matse maka soson matatarsa a leda ka juye wannan ruwan dattin a naka, zai rage maka jira sosai. Tabbaci yana wurin kayan gwajin ruwa: ranar da amoniya da naitirait suka nuna sifili, naitiret ya bayyana, akwati ya nuna. Ni daga nan ba zan iya ganin ruwanka ba, gwajin nan ne kaɗai zai faɗa maka halinsa. In ba ka samu ba, ka cika mako biyar ko shida, ka ga tsirrai suna fitar da sabon ganye, sannan ka canja rabin ruwan ka kawo kifi.

Ka fara da uku ko huɗu, bayan mako biyu ka ƙara, har su kai goma ko sha biyu ƙanana a lita 54. Gofi da filati sun dace da mai farawa, suna son ruwa mai ɗan nauyi, suna da launi, kuma haihuwa suke yi ba ƙwai ba, abin da yara ke murna da shi. A sa mace biyu ko uku ga kowane namiji, ko a sa maza zalla in ba a son su cika akwatin. Kifin beta na ƙasar Tailan yana iya shaƙar iska daga sama, don haka ya fi jure ɗaukewar wuta, amma namiji ɗaya tak ake sawa, biyu faɗa za su yi har mutuwa. In hannunka ya faɗa ka samu akwati mai lita 80 ko fiye, ka nemi kiribensis, ɗan asalin kogunan kudancin Najeriya da Kamaru, mai jan ciki. In ka kifa musu 'yar tukunyar ƙasa mai ƙofa, za ka ga uwa da uba suna kiwon 'ya'yansu tare. 'Ya'yan tarwada da karfasa kam a bar su a tafkin kiwo, tarwada tana haɗiye duk abin da ya shiga bakinta, karfasa kuma tana tone shuka.

Ranar da ka kawo su, ka ɗora ledar a rufe a saman ruwan minti 15 zuwa 20 zafin ya daidaita, ka buɗe ka riƙa ƙara ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, sannan ka kwashe kifin da raga. Ruwan shago kada ya shiga naka. Ranar ba abinci.

Bazara, hunturu da wuta

Yawancin waɗannan kifaye suna son digiri 24 zuwa 28. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura 40, ruwan ɗaki yakan wuce 30. Ruwa mai digiri 25 yana riƙe kusan miligiram 8 na oksijin a kowace lita, a digiri 35 kuwa bai fi 7 ba, alhali buƙatar kifin ta ƙaru. A lokacin ka buɗe murfi ka sa raga, ka juya ƙaramar fanka tana busa saman ruwan, tana iya sauke digiri biyu ko uku. Ka rage abinci, kada ka jefa ƙanƙara kai tsaye. Ka tuna tsirrai da dare su ma shaƙar oksijin suke yi, shi ya sa haki ya fi yawa da asuba, don haka famfon iska ya kwana a kunne. Da hunturu kuma sanyin dare ne abin tsoro. Faɗuwar zafi farat ɗaya ita ke buɗe ƙofa ga cutar farin ɗigo, wadda za ka ga kamar an barbaɗa wa kifi gishiri yana goga jiki a dutse. Ƙaramar hita mai kashe kanta, wat 50 ga akwati irin naka, da ma'aunin zafi, sun isa. In ba wuta, a lulluɓe akwatin da bargo da dare. Cutar in ta bayyana akwai maganinta a wurin masu kayan kifi, a bi umarnin kwalbar daidai, wadda kuma ta wuce wannan a nemi likitan dabbobi ko jami'in kiwon kifi ya gani da idonsa.

In wuta ta daɗe ba ta dawo ba kuma ba batiri, kada a ba da abinci, a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama lokaci-lokaci. Wani abin da ke kashe kifi a gidajenmu ba a gane ba shi ne maganin sauro. Na fesawa, da fiya-fiya, da hayaƙin na kunnawa, duk guba ne mai tsanani ga kifi, kuma famfon iska yana zuƙo shi ya tura cikin ruwa. In dole a yi feshi, a kashe famfon, a rufe akwatin ruf da leda da zane, sai ɗakin ya sha iska a buɗe. Mafi alheri a ajiye akwatin a ɗakin da ba a feshi. Hannu mai turare ko man shafawa ma a ɗauraye shi da ruwa zalla kafin ya shiga.

Aikin mako ba shi da yawa. Ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo kana bin saman yashi, ka mayar da wanda ya kwana mai zafi ɗaya da na ciki. Cike gurbin wanda ya ƙafe ba canji ba ne, domin ruwa ne ya tashi ya bar dattinsa. Soson matata kuma a matse shi cikin tsohon ruwan da ka zuƙo, sau ɗaya a mako biyu ko uku, ba a ƙarƙashin famfo ba. Kada ka taɓa kwashe komai ka wanke tas, yin haka mayar da akwatin ranar farko ne. Tsohon ruwan ka ba shukokin gida, taki ne. Rarar tsirrai da kifayen da suka yi maka yawa ka ba wani mai sha'awa, kada a zuba su a rafi ko kwata.

In tafiya ta kama ku, ta Sallah ko ta biki, manyan kifaye lafiyayyu a akwati mai tsirrai suna yin mako guda ba abinci lafiya lau. Ka canja ruwa kwana ɗaya kafin ku tashi, ka tabbatar famfon iska yana aiki. In tafiyar za ta wuce haka, ka ƙulla abincin kowace ciyarwa a 'yar takarda daban, ka bar wa wanda zai duba gidan, ka ce masa ƙulli ɗaya duk bayan kwana biyu, gwangwanin kuma ka kulle shi a durowa.